Tsagar da Nomau Ya Ƙi Cikewa

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na faɗi sunansa ba, tun zamanin da ƙusa take da wuyar samu. Sunansa Nomau. Ku saurara da kyau, domin na san halinmu: da an ce bawan Allah sai kowa ya gyara zama yana jiran ya ji an yi tafiya a kan ruwa. Nomau bai yi tafiya a kan ruwa ba. Manomi ne mai gona ɗaya, da matarsa Yalwa, karatunsa kuma bai wuce abin da zai tsai da salla da shi ba.

Idan an gama girbi, maza suka koma gindin bishiya suna dara, shi sai ya ɗauki gizago da wuƙa ya zauna a zaurensa yana sassaƙa. Ba gadon gidansu ba ne, ba kuma sana'a ba ce, sha'awa ce kawai. Ya sassaƙa muciya ya ba wannan, ya sassaƙa kujera ya ba waccan. Abu ɗaya tak ya taɓa yi wa kansa, shi ne ƙyauren zauren, na maɗaci, wanda ya yi rani bayan rani yana yi wa zane da bakin wuƙa. Baƙo in ya zo wucewa sai ya tsaya ya shafa shi.

Da mutane suka ga hannunsa yana da kyau, sai suka fara kawo masa abin da ya tsage ko ya lotse. A kusurwar zauren yana da ƴan kokuna a jere. Wannan na kakin zuma, wannan na ƙaro, wancan garin itace ne da yake tarawa in ya yi sassaƙa, ga danƙon kaɗanya a naɗe cikin ganye, ga katsi da yake roƙowa a marina. Kuma duk abin da aka kawo masa, kafin ya miƙa hannu ga koko sai ya yi tambaya ɗaya: me abin nan yake ɗauka? Mata har dariya suke yi masa. Ka ga akushi a gabanka, ka ce me yake ɗauka?

Amma yana da dalili. Kujerar da ta lotse a gefe, ido kawai take ɓata wa rai, sai ya narka kaki ya cike ya goge, shi ke nan. Akushi kuwa ba ya sa masa kaki, domin tuwo mai zafi zai narkar da shi yara su cinye. Ƙaro da garin itace in sun bushe kamar dutse suke, amma ruwa yana taɓa su sun saki, saboda haka ba ya kai su kusa da randa, sai katsi. Wata rana wata mata ta kawo turmi da ya tsage tun daga baki har gindi. Ya juya shi, ya ƙwanƙwasa, ya ce mata wannan ya gama daka a duniya, ta kife shi ta riƙa zama a kai. Ta tafi tana cewa rowar danƙo ce kawai.

To, ku saurara, a nan labarin ya fara.

Garin yana da makara guda ɗaya, tana jingine a bayan masallaci. Dogayen sanduna biyu ne, da gajeru a gicciye, da asabari a kai. Babu wanda ya san wanda ya yi ta. Kakanni sun hau, iyaye sun hau. Mai kula da ita shi ne ladan, Mati, ɗan gwaggon Nomau, taubashinsa, don haka ba sa gaisawa sai da zolaya. Wata safiya sai ga Mati ya jawo makarar har ƙofar zaure.

"Sarkin kokuna, ga aikin da babu ƙorafi a cikinsa na kawo maka," in ji Mati. "Duk wanda ya hau ta bai taɓa dawowa ya ce ta yi masa tauri ba."

"To me ya kawo ta?"

"Masu ɗauka. Ta ciji ƙanen mai unguwa a kafaɗa, ta yaga masa riga. Ɗan cike bakin tsagar nan kawai, ka goge."

Nomau ya duba. Tsagar tana jikin sandar dama, daidai inda kafaɗar na gaba take zama, kusa da inda kan mamaci yake kwanciya. An shafe ta da laka, lakar ta bushe ta fara zuba. Mati ya ce ai shi ya shafa ta bara, kuma kowa ya yaba. Nomau ya ce ya bar ta ya gani, domin shi ba ya ɗora sabon ciko a kan tsoho.

Da Mati ya tafi ya sa bakin wuƙa ya fara tonowa. Laka ta fita. A ƙarƙashinta sai ga kaki, ya yi baƙi don tsufa. Ya tono kakin, sai ga tsumma an cusa da ƙarfi. Ya jawo tsumman, sai ga wani abu kamar danƙo da ya zama gari. Wato kowane zamani an sami wani mai kirki da ya ga tsagar, ya ji ba daɗi, ya rufe ta. Da ya gama fitar da aikin mutanen kirkin nan duka, ya tura wuƙa, sai ta shige har ƙota ba ta taɓa komai ba. Ya karkata sandar, gari ya zubo kamar na tsaki. Ƙwaro ya cinye cikin tun tuni. Ɓawo ne kawai ya rage.

Ya je ya gaya wa Mati. Mati ya ce wannan magana ta fi ƙarfinsa, sai mai unguwa. Mai unguwar, Barau, ba mugun mutum ba ne, ina so ku riƙe wannan. Mutum ne mai fara'a, mai son a zauna lafiya, irin wanda duk abin da ka kai masa zai ce maka madalla, sannan ba a sake jin maganar. Nomau ya durƙusa ya yi masa bayani: sandar ta mutu, sai an sake wata, kuma itacen da ya dace shi ne kirya, wadda ƙwaro ba ya so. Akwai ta a dajin gari, amma sai da izininsa, kuma sai an yi gayya kafin a ɗauko. Barau ya ce madalla, Allah ya yi albarka, a bari a gama biki na gidan wane. Nomau ya koma bayan biki, aka ce a bari a dawo daga fatauci. Ya sake komawa, Barau ya yi dariya ya ce, makarar da ta ɗauki kakansa, wanda ƙato ne, ita ce za ta gaza yanzu? Ya cike ta dai kafin a ga hali.

Nomau bai cike ba. Makara ta ci gaba da zama a zaurensa da bakinta a buɗe. Yalwa tana ratsawa ta gefenta da tulu tana cewa, wa ya taɓa ganin gidan da ake kwana da makara kamar baƙuwa.

Ana nan, wata rana da hantsi, aka ji salati daga gidan mai unguwa. Mahaifiyarsa ce ta cika, Inna Tasalla. Tsohuwar nan ungozoma ce, rabin garin ita ta yanke musu cibiya, har da Nomau. Kun san gawa ba ta jira. Masu haƙa suka tafi maƙabarta, mata suka ɗora ruwa, Mati ya zo da sauri ɗaukar makara. Da ya ga tsagar a wangale sai ya dafe kai, zolaya ta ƙare.

"Ɗan kawu, ka rufa mana asiri. Kafin a gama wanka ka cike ta."

Nomau ya dubi kokunansa. Ya san abin da hannunsa zai iya. Zai narka kaki, ya cuɗa da garin itace da ɗan gawayi don launi ya zo ɗaya, ya danna, ya goge da tsumma. Kafin a gama sa likkafani ya gama, kuma ko shi kansa sai ya laluba kafin ya gane wurin. Ga shi Inna Tasalla ta tsufa ta ƙanƙance, ba ta fi damin gero nauyi ba. Wataƙila makarar ta kai ta. Ai ta sha kaiwa. In ta kai, babu wanda zai san komai, kowa zai ce Nomau ya kyauta. Har ya ɗauki kokon kakin.

Sai ya tuna hanyar maƙabarta. Akwai wani kwari da ake gangarawa kafin a hau, inda na gaba suke sunkuyawa, nauyi duka ya koma kan kafaɗarsu, daidai wurin tsagar. Ya ga abin a ransa: ƙarar itace, likkafani a cikin ƙasa, ɗanta yana tsaye yana kallo. Ya mayar da kokon inda yake.

Ya ce wa Mati ba zai cike ba. Kaki ba ya ɗaukar kaya, ido kawai yake rufewa. In an bar ta a buɗe ko makaho ya shafa ya san kada ya ɗora mutum a kai, in ya cike ta kuwa ya yi wa gari duka ƙarya da hannunsa.

Mati ya koma, sai ga mai unguwa da kansa, idanunsa jajur, mutane na biye da shi. Ya tsaya a ƙofar zaure bai shiga ba.

"Nomau, yau ce ranar da za ka nuna mini iyawarka?"

"Ranka ya daɗe, Allah ya jiƙan Inna. Ba iyawa ba ce. Sandar nan ba za ta ƙetare kwari ba, ko ta ƙetare ban sani ba, kuma ba zan ce na sani ba."

"Lafiyarta ƙalau kafin ka sa mata wuƙa."

"Haka take tun kafin in taɓa ta, ranka ya daɗe. Rufe take kawai."

Wani daga baya ya ce a aika garin gaba a aro tasu. Liman ya ce kafin a je a dawo rana ta faɗi, kuma ba a ajiye gawa don jiran katako. Nomau ya juya ya kama ƙyauren zaurensa, ya ɗaga shi ya zare daga mazauninsa, ya kwantar a ƙasa. Ya shiga gida ya kwance sanduna biyu masu kauri daga rumfar Yalwa, rumfar ta zube, ya fito da su ya fara ɗaurewa a ƙarƙashin ƙyauren da igiyar rama. Yalwa ta biyo shi har bakin zaure, ta yi ƙasa da murya ta ce, Malam, ƙyauren da ya ɗauki gawa wa zai sake ratsawa ta ƙofarsa? Ya ce mata ta kawo sabuwar tabarmar nan tata. Ta tsaya jim, ta koma ta kawo.

Barau ya dubi ƙyauren a ƙasa ya ce, "Uwata a kan ƙyaure, kamar wadda ba ta da kowa." Bai ce a'a ba, domin babu wata hanya, amma kowa ya ji yadda ya faɗe ta.

Aka yi mata salla, aka ɗauka. Ƙyauren maɗaci yana da nauyi, masu ɗauka suna ta canji suna haki, wasu suna gunaguni a hanya. A kwari na gaba suka sunkuya, igiya ta yi ƙara, ta riƙe. Aka haura, aka rufe Inna Tasalla lafiya. Da aka dawo Nomau ya shiga layi ya miƙa wa mai unguwa hannu don ta'aziyya. Barau ya juya ya amsa gaisuwar na bayansa.

Yanzu ku ji abin da gari ya ce, domin nan ne nake so ku ga fuskarmu. Ba wanda ya ce, ashe shekara da shekaru muna ɗaukar iyayenmu a kan ɓawo. Ba wanda ya ce haka. Cewa aka yi Nomau ya lalata makarar gari. Aka ce shisshigi ne, aka ce wanda bai gaji sassaƙa ba me ya kai shi, aka ce ya kunyata mai unguwa ranar da bai kamata ba. Aka daina kawo masa akushi da kujera. Ya wanke ƙyaurensa ya mayar, igiya ta ci zanen a wurare biyu, kuma maƙwabta suka koma yi wa Yalwa sallama ta kan katanga don kada su ratsa ta ƙofar. Camfi ne, ba shi da tushe a addini, amma camfi ya fi gaskiya saurin samun masu bi. Nomau yana jin duk wannan, kuma yana yi masa zafi, kada ku ɗauka dutse ne. Yakan zauna a zaure shi kaɗai da makarar, gizago a hannu, ya kasa sara ko ɗaya. Amma bai bi gida-gida yana wanke kansa ba, bai kuma cike tsagar ba.

Bayan an share makoki, mai unguwa ya ce a ɗauko makarar daga gidan mutumin nan a kai wa masassaƙin garin gaba, wanda ya san aiki. Don ya nuna da gaske yake, da kansa ya zo, shi da Mati. Bai yi wa Nomau magana ba. Ya kama gaba, Mati ya kama baya, suka ɗaga. Babu komai a kanta, har asabarin an cire. Suna fita sai bakin sandar dama ya ɗan bugi gefen ƙyaure, bugun da ko ƙwai ba lalle ya fasa ba. Sandar ta karye biyu a hannun Barau. Gari ya zubo masa a kan ƙafa, ya rufe yatsunsa.

Ya daɗe yana kallon guntun da ke hannunsa. Ya sa babban yatsa a cikin ramin, ɓawon ya ruguje. Mati ya buɗe baki zai yi wasa, ya fasa.

"A kwari za ta karye ke nan," in ji Barau, ba tare da ya ɗaga kai ba.

"Allah ne ya sani, ranka ya daɗe. Wataƙila da ta kai. Ni dai ban so a gwada da Inna ba."

Barau bai ba shi haƙuri ba. Ba zan ƙara wa labari abin da babu ba, manya irinsa bakinsu yana yi musu nauyi. Ya ajiye guntun a hankali ya fita. Amma washegari aka yi shelar gayya, kuma da aka saro kirya a daji, shi ne ya sa kafaɗa a gaba tun daga can har zauren Nomau, ya shiga ta ƙofar nan da ake gudu, ya zauna a ƙasa ya sha ruwan da Yalwa ta kawo. Nomau ya sake sandunan duka biyu. A wajen sassaƙa gizago ya ɗan goce ya lotsa gefe ɗaya, wurin da ba ya ɗaukar komai. Wannan kam ya narka kaki ya cike, ya goge har yana ƙyalli. Mati ya ce ashe dai rowa ce take sa shi zaɓe.

Ba a ba Nomau sarauta ba, bai tono tukunyar zinariya a gona ba. Ya ci gaba da noma da sassaƙa har ƙarfinsa ya ƙare. Ranar da ya rasu, a kan makarar nan aka ɗauke shi, aka gangara kwari aka haura, ba ta ko yi ƙara ba.

To jama'a, ga abin da nake so ku tafi da shi. Rufin asiri abu ne mai kyau, addini ya yi umarni da shi, kuma Nomau ya fi mu iya shi, kokuna ne da shi cike. Maƙwabcinka ya yi tuntuɓen harshe, matarka ta yi kuskuren da bai cuci kowa ba, ɗan'uwanka ya yi abin kunya tsakaninsa da Ubangijinsa ya tuba: lotsawa ce, sa kaki ka goge, kada ka sake waiwayar wurin. Wanda yake tona irin wannan ba mai gyara ba ne, mai ɓarna ne. Amma kafin ka miƙa hannu ga koko, yi tambayar Nomau. Me abin nan yake ɗauka? In rai zai hau, in amana za ta hau, in haƙƙin wani zai hau, to rufewa ba sutura ba ce, ha'inci ne, ko da ka yi shi da kyakkyawar niyya da murmushi.

Mu kuwa mun mai da komai abin shafe. Bangon ajin da ƴaƴanmu suke zama ya tsage har ana hango waje, sai mu sayi fenti saboda baƙi za su zo. Mota ta yi hatsari ƙashinta ya karye, a cika ta da fila, ƙullin nan na masu gyaran mota, a fesa fenti, a sayar wa mai iyali ya ɗebi yaransa ya hau titi. Yaro bai iya karanta sunansa ba, a tura shi aji na gaba don kada uban ya ji kunya. Bakin rijiyar unguwa yana zaizayewa, kowa ya gani, kowa ya ce madalla, a bari a gama biki. Kuma ranar da wani ya sa wuƙa ya ce ku duba, cikin nan babu komai, shi za mu tasa a gaba. Mu ce ba shi da kunya, mu ce yaro ne, mu ce haka muka tarar. Haka kuka tarar, gaskiya ne. Wanda ya cusa tsumma ma haka ya tarar, ya bar wa mai kaki, mai kaki ya bar wa mai laka. Kowannensu mutumin kirki ne, kuma kowannensu ya miƙa wa na bayansa makarar da ta fi ta jiya ruɓewa.

Ba na neman ku fita daga nan ku je kuna tona asirin mutane. Ina neman kowa ya tuna tsaga ɗaya da ya sani, a gidansa, ko a shagonsa, ko a wurin aikinsa, wadda ya shafe kuma ya san akwai wanda zai hau. Kun san ta, tun ina magana take zuwa muku a rai. Ku je ku buɗe ta yau, ku faɗa wa wanda ya kamata, in kuma gyaran zai ci ƙyauren zaurenku, ku zare shi ku bayar. Domin akwai ranar da ni da ku za a kwantar da mu a kan aikin hannun wani, ba mu da bakin tambaya ko an cike ne ko an gyara.

Allah ya haɗa mu da masu gyara a ranar nan, ya sa mu zama irinsu kafin ta zo.